Ƙwayar Da Kaka Ta Daka Mini

Lokacin da wannan abu ya same ni shekarata goma sha biyar, ina ƙaramar sakandare a Dutsin-Ma, siriri kamar karan dawa, kuma abu biyu aka san ni da su a unguwarmu: langa da atishawa. Na rubuto ne, ya Edita, don na ga kana ba masu karatu fili suna faɗin abin da ya taɓa cin su. Nawa bai kai na manya ban tausayi ba, amma saura ƙiris ya kai ni lahira riƙe da ƙafa ɗaya a hannu. Ba zan ambaci sunan kowa ba, domin mutanen da ke cikin labarin duk suna nan da ransu, kuma ɗaya daga cikinsu ita ke zuba mini tuwo.

A langa ni ne ruwan ƙungiyarmu, wato wanda sauran 'yan wasa ke karewa har ya tsallake abokan hamayya ya kai wurin sha. Idan ruwa ya faɗi ko ya saki ƙafarsa, an ci ƙungiyarsa ke nan. Ba yabon kai ba, idan na kama babban yatsana ta baya na fara tsalle, ko ɗan akuya sai ya tsaya kallo. Matsalata ɗaya ce. Babbar karawarmu ta shekara da samarin Kurfi bayan girbi ake yin ta, kuma a masussuka ake yi, don nan ne ƙasa ta daku ta yi sumul. Ni kuwa da na shaƙi ƙaiƙayin gero, shi ke nan an kunna inji. Idanuna su yi ja su kama ƙaiƙayi, hancina ya toshe ta ciki yana zuba ta waje, sannan atishawa ta fara zuwa a jere kamar ana harba bindigar toka. Kajin gidanmu sun san alamar, ina ɗaga kai sama suke watsewa. Kakata, wadda ta haifi Baba, takan ce tun da mijinta ya fara wannan aiki ɓarawo bai ƙara shigowa layinmu ba. Ni ne mijin nata, haka take kirana tun ina cikin zane.

A karawar da ta gabaci wannan labari atishawa ce ta kayar da mu. Akwai taubashina, ɗan Gwaggona da ke aure a Kurfi, wani ƙato mai ƙafa kamar taɓarya, shi ne babban mai tare hanya a ƙungiyarsu. Ya san lagona tun muna yara. Ina dab da sha, maimakon ya ture ni kamar yadda kowa ke yi, sai ya ja ƙafarsa a cikin tarin ƙaiƙayi ya watso mini. Na yi atishawar da har yau mutanen Kurfi ke cewa a kasuwarsu sun ji ta, hannuna ya saki ƙafa, aka ci mu. Tun daga ranar duk wanda zai zo Dutsin-Ma sai ya ba shi saƙo wai a gaida Sarkin Majina, a tambaye shi ko ruwan hancin ya isa noman rani. Da Sallah ma hankici ya aiko mini a matsayin barka da Sallah, a naɗe cikin takarda kamar abin arziki.

Da girbi ya sake zagayowa, Malaminmu na wasanni ya kira ni gefe. Ya ce shi ba ya wasa da abin da ya shafi mutuncin gari. Bana a Kurfi za a kara, a masussukarsu, in ban nemi maganin hancin nan ba zai ba wani matsayin ruwa, ni kuma in riƙe wa 'yan wasa takalma. Na dawo gida na dami Baba har ya gaji ya kai ni asibiti. Likitan ya leƙa hancina da 'yar fitila, ya yi mini tambayoyi, ya ce ba mura ba ce, jikina ne ke bori idan ya haɗu da ƙaiƙayi. Ya rubuta mini wata ƙwaya ya ce magani biyu ne aka haɗa a cikinta: ɗaya yana kwantar da borin, ya tsayar da atishawa da ƙaiƙayin ido, ɗayan kuma yana buɗe hancin da ya toshe. Ya ce guda ɗaya tak da safe, kuma in haɗiye ta yadda take, kada in tauna, kada in fasa, kada in daka. Ya maimaita, ya sake maimaitawa, har ya tambaye ni ko na ji. Na gyaɗa kai kamar ƙadangare.

To, a nan ne gizo ba ya saƙa, ni ne na saƙa wa kaina. Akwai abin da ban taɓa bari wani a waje ya sani ba: ban iya haɗiyar ƙwaya ba. Ko kaɗan. Ina sa ta a baki maƙogwarona ke rufewa kamar shagon da aka kira salla. Zan sha ruwa kofi bayan kofi, cikina ya cika fal, in buɗe baki in tarar da ita zaune a kan harshe tana kallona. Tun ina ƙarami Kaka ce ke rufa mini asiri. Duk maganin da aka ba ni sai ta murƙushe shi da bayan cokali ta dama mini a fura, ko Baba bai san har na girma ana yin haka ba. Yaya za a yi ruwan ƙungiya guda, wanda yara ke bi suna yi wa kirari, ya buɗe baki gaban likita da mahaifinsa ya ce shi sai an dama masa? Na sa maganin a aljihu.

Malam ya ce kafin a je Kurfi sai ya gwada hancin da idonsa, ya shirya mana atisaye a wata masussuka da ke ƙauyen Shema. Ran nan da hantsi na kai wa Kaka ƙwayar a ɗakinta. Ban gaya mata ko kalma ɗaya daga gargaɗin likita ba. Abin da ya fi muni, na ce a raina in guda ɗaya tana tsayar da atishawar yaro, ai tawa ta manya ce, sai na ɓallo biyu na ce mata haka aka ce. Ta danna da cokali, ƙwaya ta ƙi. Ta sake dannawa, ɗaya ta yi tsalle ta shige ƙarƙashin gado sai da na rarrafa na ɗauko. Kaka ta ce wannan ai tsakuwa aka sayar wa ɗanta, amma ita ba a yi ƙwayar da za ta gagare ta ba. Ta jawo ɗan turminta na dakan yaji, ta goge shi da gefen zane, ta daka su lilis, ta zuba a fura mai nono, ta miƙo mini tana cewa maigida ya sha ya je ya kunyata 'yan Kurfi. Na shanye har da lashe ludayi.

Da farko abin ya yi daɗi. Kafin mu isa Shema hancina ya buɗe wayam, na rantse har ƙamshin kifin da ake soyawa a bakin dam ɗin Zobe nake ji. Na shiga tsakiyar ƙaiƙayi na tsaya na buɗe hannuwa, ko ɗigon majina babu. Sai dai na lura bakina ya ƙi rufuwa. Ina ta zuba, na ba Malam labarin kakannina, na koya masa langar da shi ya koya mini, na yi wa wani mai jaki da ke wucewa huɗuba. Yara suna ta dariya, sun ɗauka iskancina ne na kullum. Da na kama ƙafa na fara tsalle sai na ji zuciyata ta riga ni yin gaba. Tana bugawa kamar an sa makaɗi a ƙirjina an biya shi kuɗin wata guda. Bakina ya bushe ƙamas, harshena ya zama kamar soson wanka, kaina ya yi wani irin sarawa ta ƙeya. Na ga damman gero suna zagaya ni. Wannan karon ba wanda ya ture ni, ni kaɗai na zube.

Daga nan dariya ta ƙare, kuma ko ni da nake son ƙara wa labari gishiri ba zan ƙara a nan ba. Na ji tsoron da ban taɓa ji ba. Ina kwance ina jin zuciyata tana neman fasa ƙirji, na kasa cewa komai sai salati. Malam ya ɗora ni a mashin, wani babban ɗalibi ya zauna a bayana ya rungume ni, muka kamo hanyar Dutsin-Ma. A asibiti aka auna jinina aka tarar ya hau irin hawan da ba na yaro ba, aka kwantar da ni, aka sa mini ƙarin ruwa, wata nas tana zuwa tana duba bugun zuciyata. Likitan da ya ba ni maganin ya zo ya tsaya a kaina ya tambaye ni guda nawa na sha, kuma ta yaya. Baba yana tsaye, Malam yana tsaye. Na duba ko ƙasa za ta taimaka ta tsage, ta ƙi. Na faɗi gaskiya duka, har da turmin yaji.

Ana cikin haka sai ga Kaka ta faɗo ɗakin, mayafi a bai-bai, takalmi ƙafa ɗaya nata ƙafa ɗaya na Innata, tana kuka tana cewa ta kashe mijinta da hannunta, a kama ta. Likitan ya zaunar da ita ya ce Hajiya ta kwantar da hankalinta, angon nata zai tashi. Sannan ya yi mana bayani. Ya ce irin wannan ƙwaya an gina ta ne ta riƙa narkewa a hankali a cikin ciki, tana sakin magani kaɗan-kaɗan daga safe har dare, taurin da Kaka ta ji ba mugunta ba ce, aikinta ke nan. Ya ce mu duba dam ɗin Zobe: ruwan da ake saki sannu-sannu shi ke raya tumatir da albasa, amma a ce an fasa bangon a saki na shekara guda a yini ɗaya, ai ba gona ba, har ƙauyen sai ya tafi. Abin da turmi ya yi ke nan, kuma bango biyu muka fasa. Ya ce ɓangaren da ke buɗe hanci shi ne mai sa zuciya gudu da jini hawa idan ya yi yawa. Kaka ta share hawaye ta ce ita ma da ma ta so ta ɗan taɓa guda don murar da ke damunta. Likitan ya tambaye ta ko tana da hawan jini, ta ce shekara da shekaru. Ya dafe kai ya ce ko kusa da kwalin kada ta zauna.

Na warke, aka sallame ni, amma na dawo gida na tarar da hukunci iri-iri. Baba bai doke ni ba, bai ma yi faɗa ba, kallona kawai yake yi ya girgiza kai, wanda da bulala ce da ta fi mini sauƙi. Malam ya ba wani yaro matsayina na ruwa. Labari kuma ya riga ya isa Kurfi, taubashina ya aiko wai in an tashi zuwa a taho wa jariri da turminsa da ludayinsa. Likita ya hana ni ƙwayar har sai ya sake duba ni, ya ba ni maganin ruwa a wata kwalba mai hoton jinjiri yana dariya. Shi kuma wannan barci yake sa ni. Na yi barci a ajin lissafi, na yi a Islamiyya, na yi a tsaye ina jiran ƙosai. Amma duk wannan bai dame ni kamar shirun Kaka ba. Ta daina kirana miji, ta daina tsokanata, ta ɗauke ɗan turminta ta ɓoye. In na shiga ɗakinta sai ta ce in je in huta. Ni na yi mata ƙarya, amma ita ke jin kunyata.

Da na koma asibiti, likita ya auna ni ya ce zuciyata lafiya lau, zan iya komawa kan ƙwayar, guda ɗaya kamar yadda ya faɗa tun farko. Amma da sharaɗi: sai na haɗiye ta a gabansa ya gani. Na dawo gida na shiga atisayen da ya fi na langa wuya. Na gwada da ƙwayar gero, na gwada da dawa, na ɗaga kai sama, na sunkuyar, na toshe hanci, na rufe ido. Na sha ruwan da ya isa wankan doki. Ko ɗaya ba ta wuce ba, ga ranar Kurfi tana ta matsowa.

Wata safiya ina zaune a tsakar gida ina cin ɗumamen tuwon dawa da miyar kuɓewa, sai na ji ana kallona. Kaka ce a kan tabarmarta, ta daina jan carbi ta zuba mini ido. Kashegari ita ta kawo mini ɗumamen da kanta, har ta gutsuttsura mini lomomi ta jera a gefen kwano, wai don kada maigida ya ƙone hannu. Jin ta ce maigida ya sa na yi ta zurawa ba tambaya. Da na gama ta tambaye ni ko na ji wani abu, na ce sai daɗi. Sai ta fashe da dariyar da rabona da ji tun kafin asibiti, ta ce to albishirina, na haɗiye wake ɗanye har guda uku, a cikin lomomin ta cusa su. Ta ce ita tun da take ba ta taɓa ganin munafukin maƙogwaro irin nawa ba, kullum yana wucewa da loma kamar ƙwan agwagwa ba tare da haƙori ya taɓa ba, amma a nuna masa abin da bai kai ƙwayar wake ba ya ce shi ƙarami ne. Na zauna baki buɗe. Gaskiya ne, wane Bahaushe ne ke tauna tuwo?

Daga ranar muka shiga makaranta. Ta sa ni na riƙa cusa waken da hannuna ina gani, ta riƙa rage girman lomar har ta dawo kamar goro, in na yi yunƙurin amai ta ce kishiyoyinta na Kurfi suna gaishe ni. Ranar da za mu koma asibiti ta ce ƙafata ƙafarta. Ta ɗauro ɗan kwanon tuwo da miyar kuɓewa a cikin ƙyalle ta riƙo, muka shiga ofishin likita da shi. Da ta kwance ƙullin, sai da likitan ya cire tabarau ya goge hawayen dariya. Ya ce babu laifi, muddin ƙwayar ta tafi yadda take, haƙori bai taɓa ta ba, kuma na bi ta da ruwa. Nas-nas suka taru a bakin ƙofa. Na gutsuri loma, na binne ƙwayar a ciki, na dangwali miya, na yi bisimilla, na aika. Na buɗe baki na zaro harshe kowa ya gani. Kaka ta rangaɗa guɗa a cikin asibitin har wani mai jinya ya leƙo yana tambaya ko haihuwa aka yi.

Malam bai yarda da labari ba sai da ya sa ni na yi tsalle a cikin ƙaiƙayi yini biyu a jere yana riƙe da wuyan hannuna yana jin bugun jini, sannan ya mayar mini da matsayina. Ranar karawa muka cika mota muka nufi Kurfi. Bayan la'asar masussukar ta cika maƙil, har kan bishiyoyi yara ne. Ina sauka suka fara yi mini atishawar ƙarya gaba ɗayansu, kamar garin ne ya kamu da mura. Taubashina ya zo ya dafa kaina ya tambaye ni ko an dama mini kafin in taho. Na ce masa ya bari in an tashi zan ba shi amsa.

Aka ci mu, muka ci su, aka zo zagayen da zai raba gardama. Masu tsarona suka buɗa mini hanya, na kutsa, na kauce wa ɗaya, na bar wani yana dafe da ƙasa. Sai ga ni ga taubashina, shi kaɗai ya rage tsakanina da wurin sha. Na ga ya karkata wajen tarin ƙaiƙayi, ya ja ƙafar nan tasa ya watso mini har cikin ido. Filin ya yi tsit, kowa yana jiran bindiga ta tashi. Shi ma ya tsaya yana jira, baki buɗe don dariyar da ya tanada. Na ja numfashi ta hanci har ƙirjina ya cika, don dai ya gani da kyau. Shiru. Ashe ƙurar da ya tayar iska ta juyo da ita kansa. Ya ɗaga kai sama, fuskarsa ta yamutse, ya saki wata atishawa da ta ɗaga shi daga ƙasa, hannunsa ya saki ƙafa. Na bi ta gefensa a hankali, har na ce masa yarhamukallahu, na je na sha. Yaranmu suka ɗaga ni sama suka zagaya masussukar da ni, Malam da ba ya dariya ya jefa hularsa sama bai ma tsaya neman inda ta faɗa ba. Gwaggo ta ce ranar ɗanta ko tuwo bai iya ci ba.

Yanzu in na tuna, nasarar tana yi mini daɗi, amma kwanciyar da na yi a Shema ita ta fi zauna mini a rai. Ba maganin ne ya cuce ni ba, har yau shi nake sha duk lokacin kaka in likita ya ce, kuma yana yi mini aiki. Kunyar faɗin kalma ɗaya ce ta kusa kashe ni, ta kuma sa tsohuwar da ta fi kowa sona ta yi kwanaki tana ganin kanta mai laifi a kan abin da ni na ɓoye mata. Da na ce wa likita ban iya haɗiya ba, iyaka ya yi murmushi ya nemo mini hanya.

Don haka ina kira ga 'yan'uwana matasa, da iyaye da kakanni masu murƙushe wa yara magani don tausayi: ba kowace ƙwaya ake dakawa ba, ku tambayi likita ko mai ba da magani kafin cokali ya taɓa ta. In an ce ɗaya, ɗaya ake nufi, girman atishawarka ba ya ƙara adadin. Maganin hanci irin wannan kada a miƙa wa mai hawan jini ko ciwon zuciya don an ga yana mura, kada kuma a haɗa shi da wani maganin mura ba a tambaya ba. Wanda kuma yake da irin matsalata, ya daure ya faɗa da bakinsa tun yana zaune a kujera. Ni sai da na faɗa a kwance, da allura a hannu, gaban mahaifina da malamina, kuma kafin magariba har Kurfi sun ji.